Eriya a Kan Soron Inna

Shekarun baya, lokacin ina tsakiyar digirina na biyu a fannin injiniyan sadarwa, ina cikin irin mutanen nan da suka san komai game da eriya amma ba su taɓa ɗaura ko ɗaya ba. Duk eriyoyina a cikin kwamfuta suke. In zana, in danna, ta fito mini da hoto mai launi-launi da ke nuna inda sabis zai fi ƙarfi, in zauna ina kallo ina jin kaina. Bincikena a kan ƙauyukan bakin iyaka ne, inda waya ke rikicewa ta rasa wanda za ta bi, ƙarfen sabis ɗin gida ko na Nijar. Ba don burga na zaɓi batun ba. Ƙauyenmu yana arewa da Daura, kuma ciwon da ke damunsa ke nan tun da aka fara riƙe waya.

A duk garin wuri ɗaya ne sabis ɗin gida ke sauka, wani tudu a bayan gari kusa da inda ake ɗaure shanu ranar kasuwa. Da la'asar za ka ga maza sun yi cirko-cirko a kansa, kowa da waya a kunne, kowa na kwaɗa "Kana ji na?" Mata ba sa zuwa can. Saboda haka mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta jin muryarmu sai mun zo gida. Baba ne ke hawa tudun ya kira mu, ni da ƙanwata da ke aure a Fatakwal, ya saurara, ya koma gida ya juye wa Inna. Kuma ba duka yake juyewa ba. In na ce masa zazzaɓi ya kwantar da ni, abin da ke isa kunnen Inna shi ne, "Tana gaishe ki, karatu ne ya yi mata yawa." Na taɓa tsokanarsa na ce a ɗakin gwajinmu akwai na'urar da aikinta ke nan, ta karɓi saƙo, ta tace hayaniyar, ta miƙa mai kyau. Ya ce to shi ma a kawo masa takardar shaidarsa.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, kuma mutum ne mai kafiya in ya sa abu a ransa. Kafin rasuwarsa ya gina sito a gefen gari ta yamma, ya yi masa wani dogon rufin kwano mai tsini, wai don kada zafi ya ɓata masa wake. Rufin ya fi komai tsawo a garin, in rana ta haska shi sai ka kare ido. Ba wanda bai yi masa dariya ba, har da ni. Inna kuwa ta daɗe tana mita. Takan ce wake ya samu kwano, ita tana nan ƙarƙashin azara tana tara ƙwarya duk damina. Shi kuma ya ce ta yi haƙuri, baɗi nata ne.

Bai kai baɗin ba. A farkon bazara Allah ya karɓi abinsa, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Inna ta shiga takaba. A daidai lokacin ƙanwata tana ɗauke da cikin fari, ya tsufa. Da a ce lafiya lau ne, gida za ta zo ta haihu a gaban Inna kamar yadda ake yi. Amma jininta ya hau tun da ta ji rasuwar, likitoci suka hana ta doguwar tafiya, ko gaisuwa ba ta samu zuwa ba. Ga uwa a ɗaki ba ta fita, ga 'ya a wata uwa duniya ba ta motsi, kuma wanda ke ɗauko maganar wannan ya kai wa waccan ba ya nan. Ƙanin Baba ya yi ƙoƙari, yana hawa tudun, amma abin da mai ciki za ta faɗa wa uwarta ba za ta faɗa wa baffanta ba, balle a tsakiyar maza. An gaya wa Inna cewa mai takaba tana iya fita don larura. Ta ce ta ji, amma ita dai ba za ta je ta tsaya cikin maza da mayafin takaba tana ɗaga murya ba.

Na gwada dabarar 'yan zamani. Na ce ta yi magana in ɗauka a wayata, in na shiga Daura in tura. Na kara mata wayar a baki, ta yi sallama, ta ce "Ya jiki?", ta jira amsa. Can ta ture hannuna ta ce ita ba ta iya zance da abin da ba ya amsawa. Da na shiga Daura na kira ƙanwata, kuka kawai take yi. Ta ce, "Yaya, ba na barci. Tsoro nake ji. Ni dai in ji Inna ta ce mini ba komai, shi ke nan." Mijinta ya karɓi wayar ya gaya mini a hankali cewa likita ya ce damuwar ce ke hana jinin sauka, kuma in ya ci gaba a haka akwai hatsari gare ta da abin da ke cikinta.

A motar komawa makaranta na ji kunyar duk hotunan nan masu launi. Ina isa na buɗe zanen wata eriya da na daɗe ina gyarawa, irin mai kama da ƙashin kifi, wadda ke saurare ta gaba ta toshe kunne ta baya. Ita ce daidai da garinmu: ta fuskanci kudu wajen Daura, ta juya wa Nijar baya. Na kai ma'aunin wajen mai haɗa tagogin alminiyam, ya yanka mini sanduna yana tambaya ko tarkon tsuntsu ne. Na samo wayar tebur mai wurin jona eriya, da doguwar kebul, da ɗan faifan sola. Sannan na roƙi wani abokin karatuna, wanda ya saba hawa ƙarafan sabis tun kafin ya dawo karatu, ya raka ni gida. Tsarina mai sauƙi ne, shi ya hau, ni in tsaya a ƙasa da lissafina ina ba da umarni.

Abin da ban sa a lissafin ba shi ne yadda ake hawa soro a garinmu. Gidajenmu a manne suke, katanga ɗaya ta raba ka da maƙwabci, kuma duk rayuwar mata a tsakar gida take: daka, girki, wanki, wanka a kewayen da ba rufi. Namiji ba ya hawa sama haka kawai. Sai an bi gida-gida an ce za a hau, matan su tattara su shige ɗaka, su zauna har ya sauko. In maginin gari ne zai gyara indararo, sun san shi, kuma kafin ruwa ya tafasa ya gama. Wannan kuwa baƙo ne, a gidan takaba.

Gwaggo, yayar Baba da ta zo zama da Inna, ita ta bi ta yi sanarwa, tana yi tana ƙunƙuni. Unguwa ta yi tsit, ko ƙarar taɓarya babu. Abokina ya hau da eriya da doguwar gorar da za a ɗaura ta a kai, kansa a sunkuye kamar mai laifi. Na ba shi kusurwar da na lissafa, ya saita. Wayar ba ta nuna komai ba. Na ce ya matsa dama kaɗan. Babu. Hagu kaɗan. Sandar sabis ɗaya ta leƙo a allon wayar ta koma. Muna cikin haka aka fara buga katanga daga maƙwabta, wata tsohuwa ta ɗaga murya daga cikin ɗaki: "Wai mutumin nan kwana zai yi a sama ne? Wakena yana ƙonewa!" Gwaggo ta fito ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke 'yar boko, ki ce wa baƙonki ya sauko haka nan. Kin kulle mana unguwa da rana tsaka, mutane na da hidimar gabansu."

Ya sauko jiƙe da gumi. A zaure ya ce mini abin da na riga na sani. Tsakaninmu da ƙarfen sabis akwai dogon layin darbejiyar da aka dasa don tare hamada, da wani tudun yashi a bayansa, kuma su ne suka tare hanya. In akwai wata kafa, sai an juya eriyar a hankali ta kowace fuska, ana tsayawa ana jira a kowane wuri, domin wayar ba ta amsawa nan take. Aikin rabin yini ne. Ba wanda zai kulle matan unguwa rabin yini, kuma gaskiyarsu ce. Ya bar mini kayan ya bi motar yamma.

Na shiga ɗakin Inna na zauna na yi tagumi. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana ido da ido ba. Tana jan carbi, fuskarta na wajen ƙofa, ta ce, "Wai shi ƙarfen nan, dole sai hannun namiji yake ji?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To."

Gwaggo ta yi salati. "Mace a kan soro da ƙarfe a hannu? Gidan ƙanina ko arba'in ba a daɗe da yi ba, a ce 'yarsa ta zama abin kallo?" Inna ta ce, "Yaya, ni da ke wa bai hau soron nan ya shanya kuɓewa ba? Ta ɗauka kuɓewa ce." Ni kuwa akwai abin da su biyun ba su sani ba. Tsoron bisa nake yi, irin na gaske. Ko benen makarantarmu ba na leƙa ƙasa.

Washegari da hantsi na sa wando a ƙarƙashin zani, na ɗaure mayafi tamau a ƙugu, na kama tsani. Ban san adadin addu'o'in da na karanta ba, na dai san har da ta shiga kasuwa. Da na isa sama ban miƙe ba, rarrafe na yi har wajen gorar, na rungume ta. Inna tana ɗaki da wayar a cinya. Ba ta karanta boko, amma na nuna mata 'yan sandunan da ke kusurwar allon, na ce in sun fito ta faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta faɗa mini.

Da na samu zuciyata ta ɗan kwanta na ɗaga kai, sai na ga abin da abokina bai gani ba jiya. Ba wadda ta shiga ɗaki. Kowace tsakar gida cike take, ana daka, ana tankaɗe, ana yi wa yara wanka, kuma duk idanu a kaina. Tsohuwar nan mai wake ta sa hannu ta kare rana ta ce, "Au, ke ce yau? To ai sai ki yi ta zama, ba mai korar ki." Wata ta ce in na ga akuyarta daga can in faɗa mata. Wata ta miƙo mini kunu a kofi ta kan katanga. Ba wanda ke jiran in sauko, kuma lokacin da aikin ke bukata ke nan.

Na fara juyawa. Ɗan kaɗan, in tsaya, in jira. "Akwai?" Gwaggo ta leƙa ɗaki ta fito: "Babu." Ɗan kaɗan kuma. Na gama da kudu kaf, inda duk iliminna ya ce nan ne, ba abin da ya fito sai sandar nan ɗaya mai leƙe. Na juya gabas, shiru. Arewa ban damu da ita ba, don na riga na kulle wayar kada ta karɓi sabis ɗin Nijar. Rana ta fara cizo, gorar ta yi zafi. Saura yamma, inda na san babu ƙarfen sabis ko ɗaya. Na so in sauko. Abin da ya hana ni, in faɗi gaskiya, ba jarumta ba ce, tsoron tsanin ne. Na ce bari in ƙarasa zagayen tukuna, ko na jinkirta saukar.

Ina cikin juyawa yamma sai na ji murya daga ɗaki, ba ta Gwaggo ba. Inna ce da kanta, wadda tun rasuwar ba a ji ta ɗaga murya ba. "Tsaya nan! Sun fito! Ke, kar ki motsa, sun fito!"

Na ƙame. Na bi bakin eriyar da ido in ga me take kallo. Rufin siton Baba ne, yana ta ƙyalli.

Nan take na gane, don abu ne da na karanta na kuma ci jarrabawa a kansa. Sabis yana dukan ƙarfe ya dawo, kamar yadda hasken rana ke dukan madubi. Siton yana kan tudu, daidai inda layin darbejiyar ya ƙare, saboda haka shi yana hango abin da mu ba ma hangowa. Tsinin rufin nan da muka yi wa dariya shi ne ya sa kwanon ya tsaya kusan a miƙe, yana karɓa daga kudu yana wurgowa cikin gari. Na ɗaure gorar da wayar ƙarfe, ina kuka ina ɗaurewa. Matan suka ɗauka tsoro ne, suka yi ta ce mini sannu.

Yadda na sauko ba zan ba da labarinsa ba, Gwaggo ta riga ta ba duk dangi. Na shiga ɗaki na danna lambar ƙanwata na miƙa wa Inna. Ta riƙe kan wayar da hannu biyu. Na ji an ɗauka, na ji ƙanwata ta yi sallama a gajiye, tana zaton ni ce. Inna ta ce, "Auta." Daga can sai kuka. Inna ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Ya isa. Ba komai, kin ji? Ni ma haka na yi da cikin yayarki, ga ta nan tana hawa soro." Gwaggo ta ja hannuna muka fita muka bar su.

Daga ranar kullum sai sun yi magana, safe da yamma. Me ta ci, ƙafar ta sabe, ta daina ɗaga abu mai nauyi. Mijinta ya ce mini barci ya dawo, jinin ya fara sauka. Ban ce eriyata ce ta yi magani ba, likitoci sun yi nasu, Allah kuma ya yi ikonsa. Amma wata safiya wayar ta yi ƙara, Inna ta ɗauka, mijin ƙanwata ya kara wayar a bakin jariri. Gwaggo ta ce guɗar da ta yi, ta manta gidan takaba ne, sai da ta toshe bakinta da mayafi.

Ɗakin Inna kuwa ya koma wajen waya na matan unguwa. Mai ɗa a Legas, mai miji a ci-rani, mai 'ya a gidan aure can Mashi, duk nan suke zuwa, su yi wa Inna gaisuwa su kuma yi kiransu. Takabar da na ji tsoron kaɗaici zai cinye ta a ciki, a cikin mutane ta ƙare ta.

Abin ya canza mini bincike gaba ɗaya. Da na ba malamina labari, ya ce in koma in auna da kyau. Na yi yawo a ƙauyukan Sandamu da Dutsi da na bakin iyaka ina bin rufin kwano. A nan na lura da wani abu da har yau yake tsaya mini a rai. Duk ma'aunin da na gada a wajen waɗanda suka riga ni, a kan titi aka yi shi, ko bakin kasuwa, ko ƙofar masallaci, domin nan ne namiji baƙo zai iya tsayawa da na'ura. Taswirar da muke kira ta sabis ɗin gari, ashe ta inda maza ke tsayawa ce. Ni kuwa sallama kawai nake yi in shige har ƙuryar ɗaki. Yanzu da nake koyarwa, in na ga ɗaliba tana raɓe-raɓe a bayan aji tana ganin fannin nan ba nata ba ne, nakan gaya mata akwai rabin gari da ba wanda zai auna shi sai ita. Tsoron bisa dai yana nan, ban warke ba, ina dai hawa da shi.

Garinmu ya samu nasa ƙarfen sabis daga baya, yanzu ko a kewaye waya na shiga. Eriyar tana nan a kan soro, ta yi baƙi, tsuntsaye na hutawa a kanta. Inna ta hana a cire.

Ban gaya mata inda eriyar ke kallo ba a lokacin, na rasa ta inda zan fara. Sai ranar da ta fita takaba, ta yi wanka ta sa sabon zani, muka fito za mu shiga maƙwabta godiya. A ƙofar gida ta tsaya ta ɗaga kai, karo na farko da ta ga abin da idonta. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ba kin ce ƙarfen sabis ɗin yana wajen Daura ba? Ya na ga wannan ya juya wani wuri?" Na ce ta bi bakinsa da ido. Ta bi, har idonta ya sauka a kan rufin. Na yi mata bayani yadda zan iya, cewa maganar tana fara sauka a kan kwanon Baba ne, shi kuma ya miƙo mata ɗaki.

Na ɗauka ba ta gane ba. Sai na ga ta sa bakin mayafi ta share ido, tana murmushi.

Ta ce, "Ashe har yanzu shi ke kawowa." Ta gyara mayafinta ta yi gaba. "Allah ya jiƙansa. Wannan karon dai bai rage mini komai ba."